Fadamar Strumpshaw, Gidan Mai Wutsiyar Tsattsewa

Kafin mutum ya shiga fadamar Strumpshaw sai ya tsallaka layin dogo da ƙafarsa. Akwai 'yar ƙofa a wannan gefen, akwai wata a wancan, ga allo yana gargaɗin a tsaya a duba hagu da dama. Ina tsaye a nan jirgin da ya fito daga Norwich ya wuce ya nufi bakin teku, taragu uku kacal, rabin kujerun babu kowa. Da ƙararsa ta ɓace sai na fara jin abin da zan yini ina ji: iska tana kaɗa dogayen karare, da surutun ƙananan tsuntsaye waɗanda ido ba ya gani.

Wurin yana gundumar Norfolk ne a gabashin Ingila, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda ruwa ya ratsa ta ko'ina. Daga Landan zuwa birnin Norwich kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa. Daga Norwich zuwa ƙauyen Brundall bai kai minti goma ba, tikitin zuwa da dawowa kuwa ya tasar mini wajen fam biyar. A tashar Brundall babu mai babur, babu adaidaita-sahu, babu ma wanda zai tambaye ka ina ka nufa. Sai ƙafa. Na yi fiye da rabin awa ina bin wata siririyar kwalta tsakanin gonaki da gidajen jan bulo, wasunsu da rufin ciyawa mai kauri, an daddatse bakinsa tsaf kamar an yi masa aski. A lokacin ban san cewa wannan jinkar tana da alaƙa da abin da ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni malam-buɗe-littafi ne. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin mai wutsiyar tsattsewa, saboda fukafukansa na baya kowanne yana da ɗan tsini da ya zarce, irin wutsiyar tsattsewa idan ta baje ta a sama. Duk Birtaniya babu ɗan ƙasa a cikin irinsu da ya kai shi girma. Idan ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 9. Kuma duk faɗin duniya wannan nau'in, wanda masana ke rubutawa Papilio machaon britannicus, ba ya hayayyafa a ko'ina sai a fadamun Norfolk. Wanda ya taɓa zama kusa da bishiyar lemo a Zariya ko Kano ya san ɗan'uwansa: baƙin nan mai ɗige-ɗigen ruwan ƙwai da ke kewaya lemon tsami, wanda tsutsarsa ke cinye sabon toho. Gidansu ɗaya. Sai dai namu ba shi da wutsiya, kuma ba ya wahalar gani. Na Ingila kuwa mutane kan tuƙa mota awa huɗu ko biyar, su kama ɗaki a masauki, don su gan shi na minti ɗaya.

Na iso wajen ƙarfe tara na safe, a tsakiyar watan Yuni. Na ƙirga motoci kusan arba'in a filin ajiye mota. Bayan layin dogon akwai wani ɗakin katako da ke kallon wani tafki, nan ne ƙofar shiga. Wata ƙungiyar kare tsuntsaye ce ke kula da fadamar. 'Ya'yanta suna shiga kyauta, baƙo irina kuwa ya biya kuɗin da bai kai fam goma ba. Shayi da 'yar madara fam biyu da wani abu, yankan kek ma kamar haka. Da kati aka karɓi komai. Don mai karatu ya auna, mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya a ƙasar a lokacin ya haura fam 11, wato lebura zai iya biyan kuɗin shiga da guminsa na awa guda. Abin da ke da tsada shi ne kwana: ɗakin da na kama a Norwich, gado ɗaya da karin kumallo, ya kusa fam tamanin.

Dattijuwar da ta karɓe ni mai aikin sa-kai ce, ba a biyanta ko sisi. Ta ce tun da ta ajiye aikin koyarwa take zuwa sau ɗaya a mako. Ta nuna mini wani farin allo da ake rubuta abin da aka gani kowace rana da inda aka gan shi. Jiya an ga mai wutsiya a wurare uku. Na tambaye ta ko yau zan dace. Ta leƙa ta taga ta dubi sama kafin ta amsa.

"Ɗana, rana za ka roƙa," in ji ta. "In ta fito, zai fito. In ba ta fito ba, ko yana gabanka ba za ka gan shi ba."

Gaskiyarta. Wannan halitta ba ta da ɗumin jiki nata na kanta. Sai rana ta gasa ta kafin naman da ke kaɗa fukafukai ya yi laushin tashi. Idan hadari ya rufe sama, sai ta maƙale a cikin karare ta yi shiru. Ga shi lokacinta gajere ne, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, sai kuma 'yan kaɗan da kan sake fitowa a Agusta idan shekarar ta yi zafi. Rana a wannan watan tana fitowa tun kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, amma tsawon yini bai hana gajimare ya cinye rabinsa ba.

A gefen ɗakin akwai ɗan lambun furanni da aka shuka musamman don a jawo shi. Na tarar da mutum goma sha biyu sun kewaye shi, galibinsu masu furfura, kowa da kyamara mai dogon baki kamar turmi. Babu mai ɗaga murya. Wani ya shimfiɗa 'yar kujerarsa ta naɗewa, matarsa tana zuba masa shayi daga fulas. Na tsaya tare da su kusan awa ɗaya. Ƙudan zuma sun zo, fararen malam-buɗe-littafi na kabeji sun zo, wanda ake jira bai zo ba. Sai na ga gara in zaga.

Hanya ta fara ratsa wani ɗan kurmi mai sanyi, sannan ta faɗa makiyaya. Ƙasar tana lotsawa a ƙarƙashin takalmi kamar katifa. An yanka ta da ƙananan magudanai masu ruwa garau, har ana ganin ciyayin da ke ƙasa. A kan ruwan wani irin mazari mai launin ƙasa da koren ido yana kai da kawowa. Wani mai kyamara ya ce mini shi ma nan yankin ne cibiyarsa a ƙasar. Can nesa shanu masu dogon gashi da ya rufe musu ido suna kiwo, ruwa har gwiwa. Ba don nono ko nama aka ajiye su ba. Aikinsu shi ne su ci ciyawa mai ƙarfi su tattake ta, don ƙananan tsirrai su samu sarari.

Daga nan na hau wata ganuwa ta ƙasa da ta miƙe zuwa kogi. Hagu da dama karan fadama ne, ya fi mutum tsawo, kamar gamba da ta samu ruwa har ta ƙoshi. Daga cikinsa wani tsuntsu dangin zalɓe ya yi wani irin gurnani, kamar an hura baki a cikin tulu. Ƙananan masu surutun nan kuwa, na ji daɗin sanin cewa da yawansu baƙi ne irina: idan sanyi ya gabato sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamun Afirka ta Yamma, sai bazarar Turai su komo su yi ƙwai.

Kogin sunansa Yare. Ba shi da faɗi sosai, ruwansa mai duhu ne, yana tafiya a hankali. Cikin minti goma jiragen shaƙatawa shida suka wuce, fararen kwale-kwale masu inji da ɗakin kwana a ciki, iyali na zaune a sama suna ɗaga hannu. Yankin gaba ɗaya ana kiransa Broads, yana da tafkuna sama da 60 da hanyoyin ruwa da jirgi ke bi kimanin kilomita 200, kuma tun 1989 yake da matsayi irin na gandun ƙasa. Hayar jirage babbar sana'a ce a nan. Wani da ya ɗaure jirginsa a bakin gaɓa ya ce mini ƙaramin jirgi na yini ana biyansa ne da awa, fam ashirin da wani abu, babban mai gadaje kuwa na mako guda a wannan lokacin yakan haura fam dubu.

A bakin kogin ne na ji labarin da ya fi tsaya mini a rai. Shekaru aru-aru kowa ya ɗauka waɗannan tafkuna haka Allah ya halicce su. Sai a farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta riƙa huda ƙasa tana ciro samfur, ta gano cewa bangon tafkunan a tsaye yake cak kamar na rijiya, gindinsu kuma a shafe. Ruwa ba ya yanka ƙasa haka; hannu ne ya yi. Tsofaffin takardun majami'u suka tabbatar: tsakanin ƙarni na 12 da na 14 mutanen yankin sun yi ta haƙar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi, su yanka ta kamar tubali, su shanya, su yi girki da jin ɗumi da ita, kamar yadda ake yi da busasshen kashin shanu inda itace ya yi wuya. Da ruwa ya ƙaru sai ramukan suka cika. A taƙaice, kududdufai ne, irin waɗanda ake bari a bayan gari idan an ɗebi ƙasar gini, sai dai waɗannan sun shekara ɗari bakwai.

Na bi gaɓar kogi har zuwa wani ɗakin leƙen tsuntsaye da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu. Daga sama ana ganin fadamar duka, kore shar, iska na kwantar da ita tana tayarwa. Wasu manyan tsuntsaye masu kama da shirwa suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan karare. Can gabas ana hango ginin masana'antar sukari ta Cantley, wadda ke matse sukari daga wata saiwa mai zaƙi, mai kama da gwaza, da ake nomawa a yankin. Mutum bakwai na samu a ciki, an jeru a benci, kowa ya kafa ido a tagarsa. Na sauko na samu wani busasshen wuri na yi azahar. Ina sallamewa na ji zafi a ƙeyata. Rana ta fito.

Hanyar da ta biyo baya siririya ce, ta bi gefen wata ƙorama, ciyawa na shafar kafaɗa. Ban yi tafiyar minti biyar ba wani abu mai ruwan ƙwai ya tsallake hanya a gabana da ƙarfi, sama da kan karare, ya ɓace. Ba irin tashin nan na lilo da muka saba gani ba ne. Yana kaɗa fiffike da ƙarfi sannan ya saki jiki ya zame, kamar ƙaramin tsuntsu. Wata mata da ke bayana ta dafa ƙirji. Muka tsaya cik. Can sai ga shi ya dawo, ya sauka a kan wani fure mai ruwan ƙwai da ke tsirowa a bakin ruwa, taku huɗu daga inda nake.

Launinsa na man shanu ne da aka soya kaɗan, an zana shi da baƙaƙen jijiyoyi masu kauri kamar aikin zayyana a bangon allo. A gefen fukafukan baya akwai ɗamara mai shuɗi, kamar an barbaɗa garin shuni a kan baƙi, kusa da gindin kowace wutsiya kuma akwai jan ɗigo guda kamar ido. Bai zauna daram ba. Yana shan ruwan fure yana karkaɗa fukafukan gaba, saboda nauyinsa ya fi ƙarfin siririn furen. Wutsiyarsa ta hagu ta gutsure. Matar ta raɗa mini cewa tsuntsu ne ya kai masa cafka. Wannan shi ne amfanin wutsiyar da jan ɗigon: idan ya haɗe fukafukai, bayansa yakan yi kama da kai mai ido da ƙahoni, sai tsuntsu ya sari can, ya tashi da guntun fiffike a baki, mai rai kuma ya tsira. Bai fi daƙiƙa ashirin ba ya tashi.

Na yi zaton na gama ganin abin da na zo gani. Ashe babban karatun yana gaba.

Kusa da ƙarshen ƙoramar an shimfiɗa wata 'yar hanyar katako da ta kutsa cikin fadama. A nan na tarar da wani ma'aikacin wurin, matashi mai dogon takalmin roba, ya durƙusa yana duba wani tsiro. Na gaishe shi na tambaye shi abin da yake nema. Ya matsa ya ba ni wuri. Tsiron bai da wani kwarjini. Ganyensa tsaga-tsaga ne kamar na karas, danginsu ɗaya kuwa, kuma idan aka karya shi yana ɗanye yakan fitar da farin ruwa kamar na tumfafiya, shi ya sa sunansa a bakinsu ke da kalmar madara a ciki. Idan ya girma yakan kai ƙirjin mutum, ya yi fararen furanni a baje kamar laima. Matashin ya ce duk abin da na gani yau, daga motoci arba'in ɗin nan har masu kyamara, a kan wannan ganye yake tsaye. Tsutsar mai wutsiya ta Norfolk shi take ci. Inda babu shi, babu ita.

Ya nuna mini ƙwai da bakin tsinke. Ƙwaya ɗaya ce tak a kan ganye, zagayayya, ba ta kai ƙwayar gero ba, launinta tsakanin kore da ruwan ƙwai. Uwar ba ta zuba su tari. Takan bi fadama ƙasa-ƙasa tana neman tsiron da ya ɗago kai sama da maƙwabtansa, ta ɗanɗana shi da ƙafafunta, don a ƙafa take da abin ɗanɗano, ta ajiye ɗaya ta yi gaba. Bayan mako ɗaya da 'yan kwanaki ƙwan ya yi duhu ya ƙyanƙyashe. A wani reshe ya nuna mini wadda ta riga ta fito: baƙa, da farin tabo a tsakiyar baya, sak kashin tsuntsu. Na yi murmushi, don na san wannan dabarar. Haka tsutsar da ke kan lemon gidanmu take tun tana ƙarama, har yara kan ɗauka kashin kurciya ne.

Babbar ba ta fito ba tukuna, sai Yuli, don haka a wayarsa ya nuna mini ita. Bayan ta saɓule fata sau da dama sai ta rikiɗe ta zama koriya mai haske, da baƙaƙen zobba da ɗige-ɗige ruwan lemo, kaurinta ya kusa ɗan yatsa. Idan aka taɓa ta takan fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, kamar harshen maciji, ya saki wari. Ya ce warin kamar abarba ce da ta wuce nuna. Wannan yana korar ƙananan maƙiya, amma bai cika hana tsuntsu ba. Gizo-gizo ke cin su suna ƙanana, idan sun girma kuma tsuntsayen karare su ɗauka, har da baƙin nan da ke zuwa daga wajenmu. Kaɗan ne ke kai labari.

Wadda ta tsira, bayan kamar wata guda tana ci, sai ta bar tsiron ta gangara ta nemi kara kusa da ƙasa. Ta saƙa zare ta ɗaure ƙugunta da shi kamar mai hawan giginya, ta zama kwanso, kore ko ruwan ƙasa. A haka za ta yi kaka, ta yi hunturu, ƙanƙara ta sauka a kanta, ruwa ya tashi ya nutsar da ita na wani lokaci ba ta mutu ba, har watan Mayu ya zagayo. Wato wajen wata tara ko goma na rayuwarta a ɗaure take a jikin kara ba motsi. Kyawun nan da ake tururuwar gani 'yan makonni ne kawai na ƙarshe.

Na tambaye shi me ya sa tsiron ya yi ƙaranci, tunda ga fadama iya ganin ido. Ya miƙe ya nuna mini wasu bishiyoyi da suka yi layi a gefe. Ya ce fadama ba ta zama fadama da kanta. Idan aka ƙyale ta, busassun karare su taru shekara bisa shekara, ƙasa ta ɗago, bishiyoyi masu son ruwa su shigo, cikin shekaru ashirin ko talatin ta zama kurmi, inuwa ta kashe ganyen madara. Abin da ya hana haka tsawon ƙarnuka shi ne lauje. Mutanen yankin suna yankan kara da hunturu don jinka, suna yankan wata ciyawa mai kaifin zarto da bazara duk bayan shekara uku ko huɗu don rufe ƙoƙuwar ɗaki, suna yankan ingirici don dawaki. Ba don malam-buɗe-littafi suke yi ba, don abinci suke yi. Amma duk inda lauje ya bi, haske ya shiga, ganyen ya ɗago kai. Da aka koma rufin tayil da motoci, masu yanka suka ragu, fadamu da yawa suka toshe. Yau mafi yawan karan da ake jinka da shi a Ingila daga ƙasashen waje ake shigo da shi, masu sana'ar a Norfolk kuwa 'yan kaɗan suka rage. Na tuna yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadejiya da Nguru, har manoma da masunta sukan yi gayya su shiga da adda. Ciyawar daban, dalilin daban, amma wahalar hannun iri ɗaya ce.

Yankan ma da lissafi. Tunda kwanson yana maƙale a jikin kara duk hunturu, idan aka share fadamar a lokaci guda an kwashe zuri'ar shekara. Saboda haka kashi-kashi suke yi, bana nan, baɗi can. Ya ce da hunturu shi da masu aikin sa-kai sukan shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara suna sare ƙananan bishiyoyi suna ƙonawa, lokacin babu ko mai kyamara ɗaya a wurin. A ganina waɗannan ne ya kamata a riƙa ɗauka hoto.

A da mai wutsiya ba a Norfolk kaɗai yake ba. A lokacin gabashin Ingila yana da wata makekiyar fadama wadda aka fara zuƙe ruwanta gadan-gadan a ƙarni na 17, da taimakon wani injiniya ɗan Holan mai suna Cornelius Vermuyden, aka mai da ita gonaki. Guntun da ya rage a Wicken, kusa da Kambirij, ya riƙe mai wutsiya har farkon shekarun 1950, sannan ya ɓace, don gonakin da ke kewaye sun janye ruwan, ganyen ya tsumbure. An yi ƙoƙarin mai da shi fiye da sau ɗaya. A 1975 an saki sama da 200 a can, suka yi ƙwai, aka yi murna, amma cikin 'yan shekaru suka ƙare. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kama shi ko sayar da shi, an kuwa daina yawo da raga ana cusa shi a akwatin gilashi kamar yadda masu tara irinsu suka yi a ƙarni na 19. Sai dai doka ba ta tsirar da ganye.

Abin da ya fi damun matashin shi ne gishiri. Kogin Yare yana jin tashin teku da saukarsa har Norwich, fadamun kuma kusan daidai suke da bakin teku a tsawo. Idan guguwa ta turo ruwa daga Tekun Arewa, ruwan gishiri yakan hauro kogi ya tsallake gaɓa. Haka ya faru a watan Disamba na 2013, ambaliyar teku mafi girma da gabashin Ingila ya gani tun ta 1953. Karan fadama yana jure ɗan gishiri, ganyen madara ba ya jurewa. Ga teku na ƙara tashi a hankali. Akwai kuma wata damuwar ta daban: ɗan'uwan mai wutsiya na Faransa, wanda ya fi shi hasken launi kuma ba ya zaɓen abinci, yana cin karas na daji da danginsa, yakan ƙetaro ruwa ya sauka a kudancin Ingila a shekarun zafi. Idan ya zauna ya yaɗu har suka haɗu suka yi aure, na Norfolk zai iya narkewa a cikinsa.

Na yi masa godiya na bar shi a durƙushe. Hanya ta sake tsallaka layin dogo ta faɗa wani lungu mai yashi. A gefen lungun akwai wani gida da ke da lambun furanni a gabansa, jajaye da farare da ruwan hoda, babu katanga sai 'yar iyaka. A nan na ga taro mafi girma na ranar, mutum wajen ashirin sun yi sahu a bakin hanya, babu wanda ya taka gonar mutane. Masu wutsiya biyu ne a kan furannin, ɗaya ta fi girma, aka ce macen ce. Wannan karon na samu kallo a natse. Na ga dogon bakinta da ke naɗe kamar zaren agogo tana warware shi tana zurawa cikin fure, na ga gashin da ke bayanta, na ga inda garin launi ya goge a gefen fiffike har haske na ratsawa. Wani tsoho a keken guragu, jikarsa ta turo shi gaba, aka dare aka ba shi wuri. Wani yaro ɗan shekara bakwai ya miƙa hannu, uwarsa ta riƙe shi a hankali ta mai da hannun aljihunsa.

Zagayen duka bai wuce kilomita huɗu ba, amma ya ci mini awa bakwai. Wajen ƙarfe huɗu gajimare ya taso daga yamma, iska ta yi sanyi, furannin suka koma hannun ƙudan zuma. Mutane suka fara naɗe ƙafafun kyamara. Na koma ɗakin katakon don in sha ruwa kafin in kama hanyar Brundall, na tarar da dattijuwar tana goge allo. Ta tambaye ni nawa na gani. Na ce uku, ɗaya a bakin ƙorama, biyu a lambu, da ƙwai ɗaya da tsutsa ɗaya a hanyar katako. Ta cire murfin alƙalaminta ta rubuta ƙwan da tsutsar a saman allo, sannan ta rubuta sauran a ƙasa.